Labarin Agana: Yadda Ilimi Yake Sake Zaman Mutane

Yau ina so mu yi hira a kan wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Shin ta wace hanya ilimi yake sake zaman mutane? Kowa ya san mota ta rage wa raƙumi aiki. Rediyo ya rage wa mai shela. Salula ta rage wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Waɗannan duka ido yana ganin su. Amma akwai wani canji da ya fi su girma, wanda ba a lura da shi domin abu ne da ya daina faruwa. Mutum yakan tuna ranar da ya sayi keke, ba ya tuna ranar da ciwo bai kama shi ba. Saboda haka na zaɓi in ba ka labarin cuta guda ɗaya, agana, tun daga farkonta har ƙarshenta. In ka bi ni a hankali, za ka ga yadda sani yake tafiya daga hannu zuwa hannu, da abin da yake gyarawa, da kuma sabon nauyin da yake ɗora mana.

Mece ce agana?

In shekarunka ba su kai 45 ba, ba ka taɓa ganin mai agana kwance ba. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso, su cika fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da cikin baki. Su ɗuri ruwa, su yi mugunya, su bushe su yi ɓawo. A cikin mutum 10 da mai tsananin ta kama, wajen 3 ba su tashi. Wanda ya tashi kuma, zanzana ta zauna masa a fuska har ranar mutuwa. Wasu ta tafi da idanunsu.

Ni na tashi na tarad da goggona makauniya. Tana da shekara 7 agana ta shigo garinmu, ta ɗauke ƙannenta biyu cikin mako ɗaya, ita kuma ta bar ta ba ido. Ta yi mana bayanin yadda ake yi a lokacin. A kafa bukka a bayan gari, a kai mai ciwo, a sa wani wanda ya taɓa yin cutar ya riƙa kai masa fura, don an lura ba ta kama mutum sau biyu. Ko sunanta ba a so a kama. Ka riƙe wannan magana, wato ba ta kama mutum sau biyu, domin a kanta aka gina duk abin da zai biyo baya.

Agana da ƙyanda da zawo da zazzaɓi sun bar tabo har a cikin sunayenmu. Ka san Ajuji, ka san Ayashe, ka san Barmani. Sunaye ne na ƴaƴan wabi, waɗanda uwa ta haifa bayan ta binne na gabansu. Al'ummar da take raɗa irin waɗannan sunaye ta saba da ƙananan kaburbura.

Cutar da ta ka da dauloli

Agana tsohuwar cuta ce. Akwai gawar wani Fir'auna na Masar, Ramses na 5, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Gawar tana nan a adane, masana kuma sun ga ƙuraje irin na agana a fuskarsa. A ƙasashen Turai, cikin shekarun 1700, an ƙiyasta tana kashe mutum 400,000 kowace shekara. Ba ta san sarki ba. Ta kashe sarauniyar Ingila a 1694, ta kashe sarkin Faransa Luwi na 15 a 1774.

Inda ta fi yin ɓarna shi ne nahiyar Amurka. Mutanen can ba su taɓa saninta ba, saboda haka babu ko mutum ɗaya da jikinsa ya saba da ita. A 1519 wani jarumin Sifaniya mai suna Kortes ya sauka a ƙasar Meziko da ƴan ɗaruruwan mayaƙa. A 1520 agana ta biyo jiragen ruwa ta shigo. Ta kashe sarkin Aztek, ta kashe mayaƙa da manoma ba adadi. A 1521 babban birninsu ya faɗi. Bindiga da doki sun yi nasu aiki, abokan gaban Aztek na gida su ma sun taimaka wa baƙi, amma cuta ta share hanya. Ka ga abu guda a nan. Ilimin tuƙa jirgin ruwa da ya haɗa nahiyoyi shi ne ya ɗauko cutar ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba.

Mataki na farko, dubawa da rubutawa

Mutane sun daɗe suna haɗa agana da ƙyanda, suna ɗaukar su ciwo ɗaya. Wajen shekara ta 900 aka yi wani babban likita Bafarishe, Abubakar Arrazi, haifaffen birnin Rayyi, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza. Aikinsa shi ne ya zauna kusa da marar lafiya, ya duba, ya rubuta abin da ya gani yau da abin da ya gani gobe. Da haka ya rubuta littafi da Larabci inda ya rarrabe cututtukan biyu. Daga baya aka juya littafin zuwa Latin, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi.

Arrazi bai sami maganin agana ba. Abin da ya bari shi ne hanya: ka duba da idonka, ka rubuta, don na bayanka ya fara daga inda ka tsaya. Boka mai sani da yawa, in ya mutu bai rubuta ba, bai kuma koya wa kowa ba, saninsa ya bi shi kabari. Wannan shi ne bambancin da takarda ta kawo.

Da tsohuwar zuma ake magani

Tun kafin likitocin Turai su san abin yi, talakawa a wurare da dama sun riga sun yi wani tunani. Tun da cutar ba ta kama mutum sau biyu, me zai hana a sa masa ita kaɗan da gangan? A ƙasar Sin sukan niƙa ɓawon ƙurji su busa a hancin yaro. A Indiya da Turkiyya da sassa da yawa na Afirka, har da Afirka ta Yamma, sukan tsaga fata su shafa ruwan ƙurjin wanda cutarsa ta zo da sauƙi. Mutum ya yi ciwo kaɗan, ya warke, shi ke nan ya tsira. Matar jakadan Ingila a Istambul, Meri Montagu, ta ga tsofaffin mata suna yin haka. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, ta koma gida ta yi ta yaɗa labarin.

Ga wani labari da ya kamata kowane ɗan Afirka ya sani. A birnin Boston na Amurka akwai wani bawa da aka kamo daga Afirka, aka sa masa suna Onesimus. Ubangidansa, wani limamin coci mai suna Mata, ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana. Sai ya nuna masa tabo a hannu, ya yi masa bayanin yadda ake tsaga a ƙasarsu. A 1721 annoba ta faɗo wa Boston. Limamin ya roƙi likitoci su gwada dabarar. Likita ɗaya tak ya yarda. Gari ya tashi da hayaniya, ana cewa yaya za a bi maganar bawa. Har wani ya jefa nakiya cikin gidan limamin.

To, me ya raba gardama? Lissafi. Aka ƙirga. Mutum kusan 6,000 suka kamu da cutar haka nan, 844 suka mutu, wato wajen 1 cikin 7. Waɗanda likitan ya yi wa tsaga sun ɗan haura 240, 6 suka mutu, wato wajen 1 cikin 40. Wannan shi ne mataki na biyu. A da, in magana ta tashi, sai a tambaya wane ne ya faɗa, babba ne ko yaro, ɗa ne ko bawa. Yanzu aka fara tambaya nawa ne suka rayu, nawa ne suka mutu. Ni a ganina wannan sauyin tunani ya fi kowace na'ura muhimmanci.

Amma tsaga tana da aibu biyu. Tana kashe wasu, kuma wanda aka yi wa yana iya shafa wa maƙwabtansa cutar sosai.

Abin da masu tatsar shanu suka sani

A ƙauyukan Ingila ana faɗin cewa matan da suke tatsar shanu ba su yin agana. Akwai wasu ƙuraje da suke fitowa a hantsar saniya, su shafi hannun mai tatsa, su warke ba wahala. Wani manomi ma ya sa wa matarsa da ƴaƴansa biyu ruwan ƙurajen a 1774, suka tsira, amma bai rubuta kome ba. Sai wani likitan ƙauye, Edward Jena, ya ɗauki maganar da gaske. Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8. Bayan makonni ya gwada yaron da agana ta gaske. Ba ta kama shi ba. Manyan masanan Landan suka ce shaida ɗaya ba ta isa ba. Ya ƙara gwaji, ya buga littafinsa da kuɗinsa a 1798.

A nan wata fasaha ta taimaki wata. Injin ɗab'i, wanda Gutenbag ya ƙera a Jamus wajen 1450, ya riga ya cika Turai. Cikin ƴan shekaru littafin Jena ya shiga harsuna da yawa. Abin da manomi ya sani shi kaɗai, yanzu dubban likitoci sun karanta. Kalmar da Faransawa da Ingilishi suke kiran allurar rigakafi da ita ma, daga sunan saniya a Latin ta fito.

Sai wata matsala ta taso. Yaya za a kai ruwan rigakafi ƙasa mai nisa bai lalace ba? Ji abin da Sifaniyawa suka yi a 1803. Suka ɗauki marayu 22 a jirgin ruwa. A sa wa biyu, in ƙurjinsu ya nuna a ɗiba a sa wa biyu na gaba, haka haka har suka ƙetare teku suka isa Amurka. Dabara ce mai ban mamaki, tana kuma da ban tausayi, domin ba wanda ya nemi yardar yaran. Tarihin ilimi yana da irin waɗannan wurare, bai kamata a ɓoye su ba.

Har Jena ya mutu bai san dalilin da ya sa dabararsa take aiki ba. Tun cikin shekarun 1670 wani ɗan kasuwar tufafi a Holan, Lewenhuk, ya goge gilashi ya yi madubi mai ƙara girman abu, ya ga ƙananan halittu suna iyo cikin ɗigon ruwa. Amma sai bayan shekara 200 Luwi Pasta a Faransa da Robat Kok a Jamus suka tabbatar cewa irin waɗannan halittu ne suke kawo cututtuka da yawa. Kok ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, Pasta ya yi rigakafin cizon mahaukacin kare a 1885. Daga nan zaman birane ya sake. Aka fara tace ruwan sha, aka raba rijiya da masai, ungozoma da likita suka koyi wanke hannu.

Ranar da aka ce a gama da ita

Da rigakafi a hannu tun 1796, me ya sa agana ta kai har zamaninmu? Amsa ita ce zafi da nisa da talauci. Ruwan rigakafi yana lalacewa cikin ƴan kwanaki a rana irin tamu. Kafin ya taso daga bakin teku ya iso Tawa ko Damagaram ya zama ruwan banza. Sai cikin shekarun 1950 wani masani a Ingila, Lesli Koliya, ya kyautata hanyar daskarar da shi a busar ya koma gari. Garin yana jure wata guda cikin zafi ba tare da firiji ba. In an zo aiki sai a dama shi.

A 1958 wakilin Tarayyar Sobiyet ya kawo shawara gaban Ƙungiyar Lafiya ta Duniya cewa a haɗu a kawar da agana gaba ɗaya. Aikin bai kankama sosai ba sai 1967. A wannan shekara cutar tana zaune daram a ƙasashe 31, tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15, tana kashe wajen miliyan 2. Ka tuna lokacin Amurka da Sobiyet ba su ga maciji. Duk da haka Sobiyet ta ba da rigakafi mai yawa, Amurka ta ba da kuɗi da ma'aikata. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ƙasashe 20 suka shiga, har da Nijar.

Wannan na gani da idona. Ina yaro ɗan lakol, da rani, mai shela ya zagaya gari da dare ya ce gobe masu lamba za su zo, maigari ya ce kada kowa ya tafi daji. Da safe mota ta tsaya a gindin tsamiyar kasuwa. Suka fito da wani ƙarfe mai kama da bindiga, ana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki. Ba shi da allura. Ƙarfin matsi ne yake tura maganin cikin fata, yana kuma iya yi wa mutum kusan 1,000 cikin awa ɗaya. Ƙananan yara ana haɗa musu da ta ƙyanda. Mushe ya jera mu a layi. Amma mata da yawa sun ɓoye ƴaƴansu, wasu a rumbu, wasu a bayan danga, don an ce abin Nasara ne, ba a san nufinsa ba. Goggona makauniya ce ta fito da sandarta, tana bi gida gida. Ba ta yi dogon wa'azi ba. In ta shiga sai ta ce wa matar gida ta dube ta da kyau, sannan ta kawo yaron. Kafin azahar layi ya kai bakin masallaci. Masanan da suka yi maganin ba su san da ita ba, amma ba don irinta ba da aikinsu ya tsaya a gindin tsamiya.

In kana da kaka ko kawu wanda aka haifa kafin 1975, ka roƙe shi ya nuna maka damtsensa. Za ka ga tabo zagayayye. Wanda ke hannun yaran yanzu daban ne, na rigakafin tarin fuka ne.

Akwai kuma wata dabara da aka gano a nan kusa da mu. A Disamba 1966 agana ta ɓulla a wani yanki na gabashin Nijeriya, maganin da ke hannu kuwa bai isa kowa ba. Wani likita Ba'amurke, Wiliyam Fegi, ya zauna da taswira ya yi tambaya irin ta mafarauci: ina cutar take yau, ina za ta bi gobe? Aka nemo gidajen da take, aka yi wa mutanen gidan lamba, da danginsu, da kasuwannin da suke ci. Sai annobar ta mutu, alhali yawancin jama'a ba a yi musu ba. Manomi ya san wannan. In wuta ta kama daji, ba ka jiƙa daji duka, sai ka share gefenta ta rasa abin ci. Da wannan dabara, da lamba da aka yi wa mutum fiye da miliyan 100, agana ta ƙare a yankinmu. Mai ita na ƙarshe an gan shi a Nijeriya cikin Mayu 1970.

Aka kai dabarar Indiya da Bangaladash da Habasha. Aka yi amfani da wata ƴar allura mai baki biyu, mai arha, wadda take cin kashi ɗaya cikin huɗu na maganin da ake sawa da, kuma ana koya wa mutumin ƙauye aiki da ita cikin ɗan lokaci. Ma'aikata suna yawo da hoton yaro mai agana, suna nuna wa ƴan makaranta da ƴan kasuwa, ana ba da lada ga wanda ya kawo labari. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga wani ta hanyar da aka saba shi ne Ali Ma'aw Ma'alin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, cikin Oktoba 1977. Ya warke. Ran 8 ga Mayu 1980 aka yi shela a Janeba cewa babu agana a duniya. Cutar da aka ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 300 daga 1900 zuwa lokacin, ta zama labari.

Me ya canja a zamanmu?

Da farko, ƴaƴa suka fara tsayawa. Agana ita kaɗai ba ta yi wannan ba, akwai rigakafin ƙyanda da tarin lala da sanƙarau, da gidan sauro, da ruwan gishiri da sukari na mai zawo. Amma yaƙin agana ne ya nuna cewa ana iya kai allura kowane ƙauye. A Nijar, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 suke mutuwa kafin su cika shekara 5 a 1998. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Har yanzu da yawa, amma ka lura yau da wuya ka ji an raɗa wa jariri Ajuji.

Na biyu, yawanmu ya ƙaru. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki 20 suke jiran rabonta. Saurar da ake bari ta huta, babu ita. Burtalin makiyayi ya matse, rigima ta yi yawa. Samari suna tafiya ci-rani. Kada ka ce laifin rigakafi ne. Ba uwar da za ta so a mayar da ita zamanin bukkar bayan gari. Abin da nake nufi shi ne, duk ƙofar da ilimi ya rufe, yakan buɗe wata tambaya. Wanda ya rayar da yara ya ɗora mana nauyin ciyar da su da karantar da su. Amsar wannan ma sai da ilimi: na iri, na taki, na ruwa, na sana'a.

Na uku, akwai gargaɗi daga wajen shanu. Ciwon bushiya ya shigo Afirka a 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo Iritiriya. Cikin ƴan shekaru ya iso ƙasashenmu, ya kashe shanu 9 cikin 10 a wurare da yawa, Fulani masu garke suka wayi gari ba ko maraƙi. A 1962 aka fara babban yaƙin rigakafi a ƙasashen tabkin Cadi, har da Nijar. Da aka ga ciwo ya lafa, sai aka saki jiki. A farkon shekarun 1980 ya dawo ya yi ɓarna mai yawa. Sai da aka sake sabon ɗamara kafin a kawar da shi a 2011. Aikin da aka bari saura kaɗan, shi yakan koma farko.

Yarda

Abu na ƙarshe shi ne yarda, kuma shi ne ya fi damuna. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano. Wasu sun mutu, wasu sun nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Ruwa ba ya tsami banza. A 2003 jita-jita ta tashi cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, aka dakatar da shi kusan shekara guda a Kano. Cutar ta bazu, ta shigo Nijar, ta kai ƙasashe wajen 20. Yaran da suka shanye a lokacin yau manya ne, muna ganin su a bakin hanya. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna mai yawo da kanta, kuma har yanzu sai an ci gaba da ɗigon don kada wani nau'inta ya sami wurin shiga.

Saboda haka nauyi biyu ne. Masu ilimi su faɗi gaskiya, su yi bayani da harshen da muke ji, su nemi izini kafin su taɓa ɗan kowa. Mu kuma mu yi tambaya, amma tambaya irin ta mutanen da suka ƙirga a Boston. In an turo maka magana a salula cewa allura kaza tana kashe mutane, ka ce nawa, a ina, wa ya gani? Ka dubi unguwarku, ka ƙirga yaran da aka yi wa ta ƙyanda da waɗanda ba a yi wa ba, ka ga su wa ciwo ya fi kayarwa in bazara ta zo.

Ka kuma daina cewa ilimi na Nasara ne. Ka dai ji waɗanda suka sa hannu: likita Bafarishe, tsofaffin matan Istambul, bawa ɗan Afirka, mai tatsar shanu, marayu 22, masanin Sobiyet, da wata makauniya a garinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ma da naka wurin kamawa. Ka nemo katin rigakafin ƴaƴanka ka karanta shi, ka ga allurar da ta rage. In maƙwabciyarka ba ta iya karatu ba, ka karanta mata nata. Ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, ka tambaye su shekarun annoba da yadda aka yi, ka rubuta a littafi ka ajiye wa ƴaƴanka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya. Sai wani jiƙon.